Hausa Sai Ranar Faɗa

Dokar ta shigo gidan ne a bakin Abba, ranar da ya dawo daga makarantar yara fuskarsa a ɗaure. Ko takalmi bai cire ba, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Daga yau kada a ƙara yi wa yaran nan Hausa a gidan nan."

Umma tana yanka albasa. Ta ɗauka wasa yake, har ta yi 'yar dariya ta ce, "To da me za mu riƙa yi musu magana, da hannu?"

"Da harshen gari. Malamar Yaya ta ce kan yaron a rabe yake. Ana tambayarsa abu sai ya tsaya yana lalube, ya fara da wannan ya ƙare da wancan, 'yan ajin suna ta dariya. Ta ce a zaɓa masa ɗaya."

"Ita malamar harshe nawa take ji?"

"Ba wannan na zo tambaya ba," in ji Abba, ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa.

Yaya shi ne ɗansu na fari, bai daɗe da shiga makaranta ba. Ƙanwarsa Auta kuwa a lokacin bakinta ya fara buɗewa ke nan. Ta iya cewa ruwa, ta iya cewa goyo, in ta ga Umma ta zauna a kan keken ɗinki sai ta rarrafo ƙarƙashin tebur ta kama zanenta ta ce, "Umma, ɗauke ni." Iya Hausar da ta samu ke nan kafin a rufe ƙofa.

Abba direban bas ne, kuma ya sha wuya a kan harshen garin nan, wannan ba mai musu. Fasinja sun sha kwaikwayon maganarsa a bayansa. An taɓa hana shi ƙarin girma a wajen aiki, aka ba wani yaro da shi ya koya masa tuƙin babbar mota, don kawai bakin yaron ya fi nasa santsi. Abin ya tsaya masa a rai. Amma Allah ya sani, wanda ya ci maka mutunci a waje daban, wanda ka dawo gida ka huce a kansa daban, kuma Umma ba ta taɓa kwaikwayon maganar kowa ba.

Harshen garin da Umma ta iya na sayen tumatir ne da hawa bas. Tana karɓo gyaran kaya daga wani shagon tela da ke ƙasan beninsu, ta rage tsawon wando, ta canza zif, ta matse ƙugun siket, ta goge ta mayar. Da ita da mai shagon magana ba ta wuce gajere, dogo, gobe, na gode. Da wannan ɗan guzurin aka ce ta yi renon yara biyu.

Ta gwada, ba za a ce ba ta gwada ba. Da safe ta ce tashi, wanke fuska, sa takalmi. Da rana ta ce ci abinci. Da yamma ta ce kwanta. In ta nemi ta wuce nan sai maganar ta karye mata a baki, Yaya ya tuntsire da dariya ya gyara mata, Abba ya ce, "Kin ga, har ya fara koya miki. Ai dokar ta yi amfani." Matar da a gidansu in ta fara ba da labari sai an riƙe ciki, wadda ƙannenta ke roƙonta ta maimaita yadda kawunsu ya faɗa kwata da sabuwar riga, ita ce ta koma mai kalma bibbiyu kamar sojan da ke ba da umarni. Wani abin dariya yakan zo mata a wajen cin abinci, ta juya shi a kai ta nemi yadda za ta faɗe shi da harshen gari, kafin ta harhaɗa an wuce wurin. Sai ta haɗiye shi da lomarta.

Shi kansa Abba a gaban yara da harshen gari yake mata magana. Sai sun shiga ɗaki ya rufe ƙofa yake komawa Hausa, ita ma ba ta wuce ina makulli, gobe da wuri zan fita, kashe fitila. In ta fara ba shi labari sai ta ji numfashinsa ya canza, ya yi barci.

Wata rana da yamma tana guga a falo, Abba na zaune yana kallon talabijin, ta juya ɗauko wani wando. Da ta waigo sai ta ga Auta ta yi ɗage tana miƙa hannu ga dutsen guga. Babu lokacin laluben wani harshe.

"Ke! Bari! Sauke hannunki!"

Yarinyar ta daskare, hannun a sama. Umma ta fizge ta, ta girgiza kafaɗarta. "Kina so ki ƙone? Ce na daina. Ce na daina, in ji."

"Na daina," in ji Auta, ta fashe da kuka.

Sai a lokacin Umma ta tuna da doka. Ta dubi Abba tana jiran abin da zai ce. Ya ɗaga kafaɗa. "Wannan ba komai, na faɗa ne. Faɗa kam a yi shi da abin da ya fi shiga jiki. Hira ce ba na so, ita ke ɓata musu baki."

Haka Hausa ta samu 'yar kafa ta dawo gidan, amma da bulala a hannu. Kuma gaskiya ta yi wa kowa sauƙi. In Umma ta yi faɗa da harshen gari yaran dariya suke yi, don maganar takan fito a karkace. In ta ce zo nan da Hausa kuwa sai falon ya yi tsit. Abba ma in ransa ya ɓaci ba ya tsayawa neman kalmar aro, da Hausa yake sauke wa Yaya kwandon faɗa. Har alfahari ya yi da abin ranar da wani abokin aikinsa ya kawo musu ziyara. Ya ce, "Ni yarana da sun ji an koma Hausa sun san ba wasa." Suka yi dariya, baƙon ya ce shi ma zai gwada a gidansa.

Yaya ya ci gaba a makaranta, Abba ya ce dokarsa ce. Ba wanda ya ce wataƙila yaron girma ya yi kawai, kamar sauran yara. Auta ma ta shiga ajin ƙanana, bakinta ya buɗe tar da harshen gari, tana zuba kamar rediyo. Takan dawo da labari cike da baki, ta tsaya gaban keken ɗinki tana ta bayani da hannu da ƙafa, Umma ta kama kalma ɗaya ta rasa biyar, ta riƙa gyaɗa kai tana murmushi. Wata rana ta yi murmushi ashe yarinyar cewa take wata ta ture ta a filin wasa. Auta ta dube ta, ta ɗauki jakarta ta wuce ɗaki. Daga ranar ta koma ajiye labarinta sai Abba ya dawo.

Da rana gidan ba kowa sai Umma da keken ɗinki. Tagar falon na kallon tashar bas, takan ga mutane tsaye bibbiyu suna hira, bakinsu na motsi. Ta fara magana da wandunan mutane. Ta ce wa wani, "Kai kuma mai sa ka wane irin ci yake yi, kullum a buɗa ka?" Ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta ji kunyar dariyar. Kewa ce irin wadda ba ta da wurin kai ƙara, don mijinta na nan, 'ya'yanta na nan lafiya lau, abinci bai yanke ba.

Ranar da abin ya fito mata fili, ranar hutu ce. Tana tsintar zare a bakin wani siket, Auta na zaune a ƙasa ta ba ta baya tana wasa da 'yar tsanarta. Ta kwantar da ita a kan filo, ta lulluɓe ta da ƙyallen da Umma ta yanke, tana lallaɓa ta da harshen gari cikin siririyar murya, tana sumbatar goshinta. Can sai ta ɗaga ta zaune, ta haɗe gira, muryarta ta canza.

"Ke! Zo nan. Bari. Ba ki ji?" Hausa ce tsaf, har da yadda Umma ke jan ƙarshen magana. Ta ɗaka wa 'yar tsanar duka a cinya. "Ce na daina."

Sannan ta rungume ta, ta koma harshen gari tana rarrashi.

Almakashin ya tsaya a hannun Umma. Ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a baya. Ba dukan ne ya dame ta ba, yara duk suna yi. Abin da ta gani shi ne yarinyar ta raba duniya gida biyu, ta sa so a gefe guda, ta sa faɗa a ɗaya gefen, kuma gefen faɗan da muryar uwarta yake magana.

Ta jira Abba ya ci abinci ya sha ruwa, ta bi shi ɗaki ta gaya masa abin da ta gani. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ka ji 'yar banza. Ashe tana ɗauka."

"Abban Yaya, ba abin dariya ba ne. Yarinyar nan ba ta san ana cewa sannu da Hausa ba. Ba ta san ana cewa Allah ya yi miki albarka ba. Ka bar ni ko da rabin yini ne in riƙa yi mata hira."

"In ta girma ta koya. Hausa guduwa za ta yi?"

"Ni ce nake gudu daga wajenta."

"Ke dai kin cika sa wa kanki damuwa. Duk don wa nake yi? So kike su taso irina, ana dariyarsu a bayan mota? Ki bari ta yi ƙarfi a makaranta tukuna." Ya ɗauki wayarsa. "Ke ma da kin dage da koyon harshen nan da yanzu ba wannan maganar muke ba."

Wannan ta ƙarshen ta fi yi mata ciwo, don an taɓa buɗe ajin manya da yamma a makarantar su Yaya, shi ne ya ce wa zai zauna da yara.

Sai ta yanke shawarar yin sata a gidanta. Ranar da take wa Auta kitso, yarinyar na zaune tsakanin gwiwoyinta, Abba ya tafi aiki, ta shafa mai a tsagar, ta sunkuya daidai kunnenta ta ce a hankali, "Gashin 'yata ya yi tsawo. Kin fi kowa kyau, 'yar albarka."

Ta ji wuyan yarinyar ya sandare a hannunta. Auta ta daina wasa da matajin da ke cinyarta, ta zauna ƙiƙam tana jira. Umma ta ci gaba, ta sassauta murya iya sassautawa, ta fara ba ta labarin wata kyanwa da suke da ita suna yara, mai satar kifi. Auta ta waigo a hankali ta dubi fuskarta, ta ga ba a ɗaure take ba, ta ƙara rikicewa. Ta tambaya da harshen gari, "Me na yi?"

"Ba komai," in ji Umma da harshen gari, don wannan ta iya shi.

"To me ya sa kike yi min irin maganar?"

Umma ba ta da kalmomin amsa wannan a harshen da yarinyar ke ji. Ta ƙarasa kitson.

Yaya na kwance a kujera yana jin su. Ba da mugunta ba, a wajen cin abinci ya ce wa ubansa yau Umma ta yi ta yi wa Auta Hausa, ita kuma ba ta yi laifin komai ba. Abba ya ajiye cokali. Faɗan da ya yi ranar har maƙwabta sun ji, kuma da Hausa ya yi shi tun daga farko har ƙarshe, a gaban yaran. Ya ce ta raina shi, ya ce yana gini tana rushewa, ya ce in yaran suka lalace ita ce. Auta ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Umma na kallonta, ta san duk abin da ta ɗinka da rana an farke shi.

Sati na zagayowa Abba ya kama hannun Auta ya kai ta shagon gyaran gashi da ke bakin titi. Ya ce ai ya ga aiki ya yi wa Umma yawa, gara a rage mata. Yarinyar ta dawo da ribbon ja a kai tana murna. Umma ta ce ya yi kyau, ta mayar da kwalbar man kitso cikin durowa.

Mahaifiyar Umma takan kira ta waya mai hoto lokaci-lokaci. Tsohuwa ce mai ƙarar murya, irin waɗanda ke ganin in wuri ya yi nisa sai an ɗaga murya. Wata rana ta ce lallai sai an nuna mata takwararta. Umma ta juya wayar wajen Auta. Tsohuwar ta washe baki ta ce, "Ke, zo nan in gan ki, mai ƙaton kai. Zo nan mana."

Auta ta ji ke, ta ji zo nan. Ta saki abin da ke hannunta ta shige bayan kujera, ba irin kiran da Umma ba ta yi ba ta ƙi fitowa.

"Yarinyar nan ba ta ƙaunata ne?" in ji tsohuwar, dariyarta ta ragu.

"Kunya take ji, Inna."

"Kunya da kakarta? To ki ce mata na yi mata addu'a."

Umma ta ce to. Bayan ta kashe wayar ta zauna tana neman yadda ake faɗin haka da harshen gari, ba ta samu ba, saƙon ya kwana a wajenta.

Ana nan wata rana da hantsi waya ta yi ƙara tana tsakiyar sa zif. Daga makaranta ne. Matar na magana da sauri, Umma ta kama sunan 'yarta, ta kama asibiti, sauran ya wuce ta. Ta ce a maimaita, aka maimaita da irin saurin farko. Sai da ta kira Abba ya kira su, sannan ya sake kiranta ya ce Auta ta faɗo daga lilo ta karye a hannu, an wuce da ita. Ta fita da silifas ɗin wanka, sai a cikin bas ta lura.

Karayar ba ta yi kyau ba, sai da aka sa yarinyar barci aka gyara ƙashin. Da aka fito da ita aka kwantar a wani ɗaki mai gadaje jere da labule tsakani, hannun na naɗe cikin farin filasta har gwiwa, leɓenta a bushe. Likita ya kira Abba waje don ya yi masa bayani. Aka bar Umma da wata nas mai ƙiba, mai fara'a, tana duba robar ƙarin ruwa.

Auta ta fara motsi, tana juya kai, tana wani siririn kuka ido a rufe. Nas ɗin ta dafa kafaɗar Umma, ta yi magana a hankali yadda za ta gane. Ta ce tana farfaɗowa ne, yara a tsorace suke tashi, ki yi mata magana ta ji muryar uwarta.

Umma ta matso ta buɗe baki. Ta lalubi harshen gari, ta tarar da tashi, ci abinci, sa takalmi, nawa ne, gobe. Ba ko ɗaya da za a miƙa wa yaron da ke cikin ciwo. 'Yarta na kuka, sai maganar ta zo da kanta daga inda take tun asali.

"Sannu, Autata. Sannu, 'yar lelena. Ga ni nan, ba inda za ni. Allah ya ba ki lafiya, uwata, sannu."

Kukan ya tsaya cak. Umma ta ɗauka ta ji ta ne, har ta kai hannu za ta shafa goshinta. Sai yarinyar ta takure, ta ja hannun mai filasta da ƙyar ta kare kanta da shi, ido a rufe. Ta yi magana da Hausa.

"Na daina. Umma, na daina."

"A'a, ba ki yi komai ba, 'yata, ba faɗa nake..."

"Na daina, na daina."

Tana ƙoƙarin janyewa har robar ruwan ta fara jan fatar hannunta. Nas ɗin ta zagayo da sauri ta riƙe hannun, tana rarrashinta da harshen gari, yarinyar ta lafa a jikinta tana ajiyar zuciya. Fara'ar matar ta ɗauke. Ta yi wa Umma wani irin kallo, ta tambaye ta me ta ce wa yarinyar. Nas ɗin ta nuna mata ƙofa da ladabi, ta ce ta ɗan jira a waje har yarinyar ta natsu.

Ta fito barandar tana jan silifas. Tun ranar dutsen guga Auta ba ta ƙara haɗa mata magana da Hausa ba sai yau, kuma abin da ta samu ke nan.

A ƙarshen barandar, wajen taga, ta hango Abba ya ba da baya, waya a kunne. Ta nufe shi. Tun kafin ta isa ta ji muryarsa, wata murya da ta manta yana da ita, ƙasa-ƙasa, mai laushi, kamar ta yaro.

"Wallahi Hajiya na tsorata. Da na gan ta a kan gadon nan hankalina ya tashi. A'a, an gyara, sun ce za ta warke. Ni dai na ce bari in ji muryarki ko hankalina ya kwanta." Ya saurara, yana share ido da bayan hannu. "Amin. Amin, Hajiya. Amin."

Umma ta tsaya a bayansa har ya gama. Da ya juyo ya gan ta ya ɗan daburce, ya sa wayar a aljihu.

"Ta tashi?"

"Ta tashi. An koro ni." Ta gaya masa yadda aka yi, ba ta ɗaga murya ba. Sannan ta ce, "Kai da ka tsorata, ka kira uwarka ta yi maka sannu, ka ji sanyi. Da wane harshe ta yi maka?"

"Wannan daban."

"Ita in ta kai shekarunka ta tsorata, wa za ta kira? In ta kira ni in ce mata me, sa takalmi?"

Abba ya dubi ƙasa, ya dubi taga. Ta ga maganar ta shige shi, ta ga kuma lokacin da ya ture ta. Ya ce, "Maganin barcin ne bai sake ta ba. Kuma nan asibiti ne, ba wurin wannan maganar ba ne. Ki riƙe Hausar nan tukuna har ta warke, kin ga ai tsorata ta kike yi."

Haka ya ce, tsorata ta kike yi. Shi ya kafa dokar, shi ya yanke wa Hausa aikin bulala, shi ya yi alfahari da ita gaban baƙo, amma da abin ya nuna sai ya zama uwar ce mai ban tsoro. Irin wannan zalunci ba ya barin tabo a jiki, balle a nuna wa wani. Ba a hana ta ci ba, ba a hana ta sutura ba, ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu. An dai karɓe mata abin da uwa ke rarrashi da shi, aka bar mata abin da take tsawa da shi, aka ce don gaban yara ne. Kuma in ka zagaya benayen unguwar ka tambaya, za a ce maka mutumin kirki ne, yana ji da karatun 'ya'yansa.

Da aka bar su suka koma ciki Auta ta farka sosai. Ta ga ubanta ta miƙa masa hannu mai lafiyar, ya zauna bakin gado yana mata wasa da harshen gari, ya ce filastar ta fi ta kowa kyau, Yaya zai yi mata zane a kai. Ta yi 'yar dariya. Sannan ta juyo wajen Umma, dariyar ta tsaya. Ba idon uwarta take kallo ba, bakinta take kallo, tana jira ta ga da wanne za a fara.

Sannu na nan a kan harshen Umma, da 'yar lelena, da addu'ar kakarta da har yau ba a isar ba. Ta cije leɓe ta mayar da su ciki. Ta ja kujera ta zauna a ƙarshen gadon, ta zura hannu ƙarƙashin bargo ta kama ƙafar yarinyar, tana murza ta a hankali. Da Auta ta tabbata ba abin da zai fito, sai ta saki jiki ta lumshe ido.

Ranar da aka kafa dokar Umma ta tambaya cikin wasa ko da hannu za ta riƙa yi musu magana. Ta zauna nan riƙe da 'yar ƙafar har aka zo aka ce lokacin ziyara ya ƙare.